Balasa Da Danginta: Zagayen Neman Fure A Ƙasar Gumel

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari a watan Agusta, gero da riɗi da yakuwa zai gani dama da hagu. Mu kuwa a zagayen da muka yi na ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, gindin shuka muka riƙa dubawa, muna neman wata ciyawa da manomi ba ya ƙaunar gani: balasa.

Kun san ta. Tana yaɗo a ƙasa, jikinta da ruwa-ruwa, furenta ƙarami ne shuɗi, da kunnuwa biyu a sama kamar na ɓera. In aka nome ta aka bar ta a kunya, da an yi yayyafi sai gaɓoɓinta su sake kama ƙasa. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari mun tsinto ta cikin ɗaurin ciyawar da ake sayar wa masu tumaki. A Gagarawa kuwa, inda jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru ya ratsa, ta fi ƙoshi a kwarin da ruwa ke kwanciya.

To, wannan ciyawa tana da 'yar'uwa da ake ji da ita a lambunan Turai. Sunanta Tradescantia, asalinta gabashin Amurka ta Arewa, kuma ta ci sunan John Tradescant, mai kula da lambun Sarkin Ingila Charles na ɗaya, wanda ya rasu a 1638. Sau ɗaya ake dasa ta. Da sanyi ganyenta ya bushe, saiwar ta kwanta a ƙasa, shekara ta zagayo ta sake tohowa. Halinsu ɗaya da balasa: fure ya buɗe da safe, kafin la'asar ya yi yaushi, gobe wani ya maye gurbinsa.

Shin ta Amurkan za ta rayu a nan? Da muka taka rairayin Sule Tankarkar, yamma da Gumel, ba mu ga alama ba. Ita tana son ƙasa mai danshi, nan kuwa damina wata uku ce zuwa huɗu, ruwa yana sauka yashi ya shanye, ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Asarar kuɗin iri ce kawai.

Wadda ta dace da mu ita ce wata 'yar gidan nasu daga Meziko, mai ganye ruwan makuba da ɗan fure ruwan hoda, wadda masu sayar da furanni a Kano ke jerawa a bakin titi. Tana jure ƙishi, kuma ba ta buƙatar iri. Ku karyo reshe tsawon tafin hannu, ku zage ganyen ƙasa, ku soka gaɓa biyu cikin yashin da aka cakuɗa da busasshen takin dabbobi. Cikin mako biyu zuwa uku za ta yi saiwa. Ruwan alwala ya ishe ta, in dai ba kullum ake jiƙe ta sharkaf ba, don yawan ruwa ruɓar da ita yake yi. Ku kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ku kuma wanke hannu bayan kun taɓa ruwan jikinta, yana sa wasu ƙaiƙayi.

Abin da ya fi burge mu shi ne amfaninta a aji. Ku ɓare siririyar fatar bayan ganyen, ku ɗora kan gilashi da ɗigon ruwa, ku leƙa a madubin ƙara girma. Za ku ga ƙofofin da ganye ke numfashi da su, irin waɗanda kuke zanawa daga littafin Bayoloji. Masu son kwatanta furenta da na balasa sai su fita kafin ƙarfe goma na safe, don da rana ta take, balasa ta riga ta rufe.