Daga Jos zuwa Yola ta Sama

'Yan'uwa da yawa sukan tambaye mu, wai nisan Jos da Yola mil nawa ne? Amsar ta danganta ga hanyar da mutum ya bi. A mota, ta Bauci da Gwambe da Numan, wajen mil 330 ne, kusan yini guda ke nan. Ta sama kuwa babu kwana-kwana, daga filin jirgin Heipang zuwa na Jimeta wajen mil 245 ne kawai.

Mun yi wannan tafiya da kaka, cikin ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da kujeru shida. Kafin mu shiga sai da aka auna mu da kayanmu duka. Dalili kuwa, Heipang tana kan tudu, sama da ƙafa 4,000 bisa teku, iskar wurin ba ta da kauri, jirgi ba ya iya tashi da kaya mai nauyi. Matuƙi ya yi addu'a, muka ce amin, muka tashi.

Ba a jima ba tudun Filato ya ƙare, ƙasa ta yi zurfi a ƙarƙashinmu. Can kudu ƙasar Wase take, inda Dr. Karl Kumm da abokansa suka kafa tashar mishan ta fari ta S.U.M. a 1904. Muka ƙetare duwatsun Muri, sai ga Binuwai shimfiɗe, da kwalekwalen masunta kamar tsinke a kan ruwa. Ta hagu muka hango Numan, inda Gongola take shiga Binuwai. Nan ne Dr. Niels Bronnum, mutumin Danmak, ya sauka a 1913, ya fara aikin magani da wa'azin bishara a cikin Bachama. Daga wannan ƙaramin iri Ekklesiyar Lutheran ta tsiro.

Irin wannan jirgi yana cin wajen mil 150 a sa'a. Cikin sa'a ɗaya da minti arba'in muka sauka Jimeta. Da aka buɗe ƙofa zafi ya mare mu, muka tuɓe rigunan sanyin Jos, gama Yola ƙafa 600 kaɗai take bisa teku.

Amma kada mai niyyar tafiya ya lissafta lokacin sama kaɗai. Daga garin Jos zuwa Heipang wajen mil 20 ne. Da hunturu kuma, in hazo ya rufe, ƙaramin jirgi yakan kwana biyu bai tashi ba. Mai kai mara lafiya asibiti ya shirya mota a gefe, kada jiran jirgi ya cinye lokacin da ya so ya cece shi.

Tafiyar da ta ɗauki masu bishara na fari makonni, da ƙafa da jirgin ruwa, mun yi ta kafin abincin rana. Hanya ta gajarta, amma har yanzu akwai ƙauyuka a gindin duwatsun nan da ba su da likita ko mai koyar da Maganar Allah. Mu tuna da su cikin addu'ar iyali, tare da matuƙa masu kai magani da ma'aikata wurare masu wuyar shiga.