Shuɗiyar ƙwayar nan: mu yi ta tsakaninmu

Ku matso kusa, maganar magidanta ce. Daren jiya bayan isha'i, da samari suka watse daga majalisa, wani aminina ya riƙo hannuna, ya sassauta murya ya ce, "Malam, shuɗiyar ƙwayar nan, in guda ba ta yi ba, in ƙara ta biyu?" Gabana ya faɗi. Bawan Allahn nan ya haura sittin, yana fama da hawan jini, kuma a kemis ya saya, likita bai gan shi ba.

Na san ba shi kaɗai ba ne, don haka ga abin da na gaya masa.

Sunan maganin sildenafil. Kamfanin Pfizer ne ya fito da shi da sunan Viagra, Amurka ta amince da shi a 1998. Asali ma don ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya aka fara gwada shi a Birtaniya, saboda aikinsa buɗe hanyoyin jini ne. Ƙarfinsa hawa uku: miligiram 25, 50 da 100. Likita kan fara mutum da 50, ya sha kamar awa guda kafin ya kusanci iyali. Wanda ya wuce shekara 65, ko mai ciwon hanta ko ƙoda, akan fara shi da 25. Ba a wuce 100, kuma sau ɗaya ake sha a yini, ko ta yi ko ba ta yi ba.

Sau tari ma ba ƙwayar ce ta gaza ba. Mutum ya cika ciki da balangu mai kitse, ya haɗiye ta, minti goma ya ce ba ta aiki. Abinci mai maiƙo yana jinkirta ta. Kuma ba ta haifar da sha'awa, taimaka wa jiki kawai take yi. Hira da wasa tsakanin miji da mata suna nan a matsayinsu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu ciwon zuciya. Duk mai amfani da nitrogilisarin, wanda ake sawa ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe, ko ɗan'uwansa isosobaid, kada ya kuskura ya taɓa ta. In suka haɗu, jini kan faɗi warwas, har a rasa rai. Haka nan ba a haɗa ta da wani maganin ƙarfin maza mai suna Cialis, wanda aikinsa kan kai awa 36 a jiki. Zumar maza da ake talla kuwa, hukumar magunguna ta Amurka ta sha gano sildenafil a ɓoye cikin irinta, ba wanda ya san adadinsa.

Ciwon kai, toshewar hanci da ɗumin fuska kan zo su wuce. Amma in gaba ta miƙe ta haura awa 4, ko gani ya ɗauke kwatsam, a nufi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Aminina ya ce kunya ce ta hana shi ganin likita. Na fahimce shi ƙwarai. Sai dai raunin gaba kan zama alamar farko ta ciwon suga ko toshewar jijiyoyin zuciya, gwaji ne kaɗai zai nuna. Mun yi da shi ranar Litinin zan raka shi. Kai ma ɗan'uwa, in za ka je, ka tattara kwalayen duk magungunan da kake sha ka nuna wa likita.