Abincin Gindin Dutsen Kufena

Yau filin namu zai fita bayan ganuwa. Da yawa daga cikinmu an haife mu a cikin birnin Zariya, kullum muna hangen dutsen Kufena daga yamma, amma ba mu taɓa zuwa gindinsa ba. To, in Allah ya kai ki, kada ki ɗauki guzuri. Abinci yana can yana jiranki.

Wurin ba baƙo ba ne ga Zazzagawa. Masu tarihi sun ce wajen 1536 ne, a zamanin Bakwa Turunku, aka taso da sarauta daga Turunku zuwa wannan yanki. A gindin dutsen ne kuma Wusasa ta ke, inda 'yan mishan na Likita Mila suka koma daga cikin birni a 1929, suka kafa coci da makaranta da asibiti. Inda a ke jinya da karatu kuwa, lalle mai sayar da abinci ba ta rasa ciniki.

Akwai 'yan shaguna a bakin titi masu shinkafa da taliya, amma ba su na ke nufi ba. Ina nufin mai tuya a gindin mangwaro, da benci guda, da bokitin ruwan wanke hannu. Irin wannan wuri ba shi da allo, ba shi da suna. Lokaci kawai za ki sani. Da sassafe koko ne da ƙosai. Da hantsi sai waina, tana fitowa daga tanda da zafinta, a zuba miki miyar taushe ko ƙuli-ƙuli. In kin makara kin rasa, don mai waina ba ta ƙara ƙullu saboda mutum ɗaya.

Amma abin da zan yi miki nasiha ki nema shi ne fate. Na san Kanawa suna yi mana ba'a da shi, su ce Bazazzagi ba ya ƙoshi sai da fate. To, su yi ta faɗi. Faten ƙauye da damina daban ya ke da namu na cikin gari, domin ganyen daga gona ya ke zuwa tukunya, bai kwana a kasuwa ba. Tsakin masara a ke dafawa da wake da dakakkiyar gyaɗa, a sa gauta don ɗan ɗaci, sa'an nan a zuba rama da yakuwa daga ƙarshe, yadda ba za su mutu ba. Tsamin yakuwar nan shi ne ran fate. Wadda ta cika ruwa don ta ƙara riba, cokali ɗaya zai tona ta: in kin ɗebo tsakin ya zauna a ƙasa, ruwa ya taso sama, to, ki gode mata ki wuce gaba.

Da azahar matan Fulani su ke isowa da ƙwaryar nono. Ki ce a dama miki a gabanki, ki kuma duba ludayin da faifan rufi. Da rani kuwa ga rake, ga mazarƙwaila.

Yanzu ga abin da ya ke damuna. Yawancin abincin nan ba a bakin hanya a ke dafa shi ba. Ɗan wake da alale da dambu da kwaɗon zogale, duk daga cikin gidaje su ke fitowa, daga hannun matan da ba su fita, kamar dai yadda mu ke yi a cikin birni. Sana'a ce ta mutunci, da ita a ke yi wa 'ya'ya kayan ɗaki. Amma wa ke ɗauke da tiren? Yarinya ce 'yar shekara 9 ko 10, da ƙarfe goma na safe, sa'ad da 'yan ajinsu ke kan lissafi. Tun 2004 doka ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas, amma doka ba ta sayar da ɗan wake. Mu da aka koya wa aikin malanta mun san yarinyar da ta rasa safiya uku a mako: ba daƙiƙiya ba ce, amma haka za a kira ta a ƙarshen shekara.

Ban ce ki ƙi saye ba, don in kin ƙi, uwar ce za ta kwana da asara, yarinyar kuma ta sha faɗa. Ki saya, ki tambaye ta ajinta nawa. In kuwa ke ce mai dafawa, na ga dabarar da wasu mata ke yi: su haɗa kai da wata dattijuwa ta zauna da kwanukansu a gindin itace da safe, a ba ta ladanta, yara su karɓe ta bayan an tashi makaranta.

Ki tafi da ɗan kwanonki mai murfi saboda ƙuda da ƙura, da canji ƙanana. Ki kuma juyo gida kafin la'asar sakaliya, don da damina hadari ba ya sallama a gindin dutse.