Kalmar 'cheer' da kunyar da ta jawo mini

Ni da na saba yi wa finafinan mutane tankaɗe da rairaya a wannan shafi, yau kaina zan tona wa asiri. Shekaru uku da su ka wuce wani furodusa ya ba ni aikin rubuta fassarar Turancin nan da ake sakawa a ƙasan fim. Na karɓa da sauri, don a ganina mai difloma ai ya wuce a koya masa Turanci.

A cikin fim ɗin akwai inda mijin wata yarinya ya rasu, uwar ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata." Na so in rubuta "cheer up", sai na ga layin ya yi tsawo, na gutsure shi na rubuta "Cheers, my daughter." Ni dai a wurina duk kanwar ja ce.

Bayan fim ya fita, sai ga wayar tsohon malaminmu na Turanci, wanda ya yi karatu a Ingila. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Kai yaro, a gidan makoki ka sa uwa ta ɗaga wa 'yarta kofin giya?" Na ce, "Malam, wace irin giya kuma?" Ya yi dariya har da tari. Wallahi da ƙasa za ta tsage a ranar, da na shige.

Malam ya ce in zo gida. A nan na gane cewa kalmar da na raina tsohuwa ce mai rassa da yawa. Ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci wajen ƙarni na 13, kuma a lokacin ma'anarta 'fuska'. Daga fuska ta koma yanayin da ke bayyana a fuskar, mai daɗi ko mara daɗi. A hankali ta tsaya a kan mai daɗin, wato fara'a da walwala, har ta kai ga abinci da abin shan da ake tarbar baƙo da su. Da na ji haka sai na tuna karin maganarmu, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Shi ya sa ake ce wa mai sakin fuska 'cheerful'.

Reshe na biyu shi ne sowa. Idan 'yan kallo su ka ɓarke da ihun murna a filin ƙwallo, 'cheer' su ka yi. 'Yar'uwarta 'applaud' ta fi karkata ga tafi da hannu, ita kuwa 'cheer' da murya ake yin ta, kishiyarsu kuma 'boo' ko 'jeer', wato ihun tsiya. 'Cheer on' zuga ɗan wasa ne ya ƙara ƙaimi. Daga nan Amurkawa su ka samo 'cheerleader', masu rawa da tsalle a gefen fili. Wanda ya kalli 'Bring It On' na 2000, da Kirsten Dunst ta fito a ciki, ya san su.

Sai wadda ta kayar da ni, 'cheers' mai harafin 's' a ƙarshe. Ita ake faɗa idan an ɗaga kofuna za a sha. Shi ya sa shirin barkwancin nan na gidan talbijin na NBC, wanda aka yi daga 1982 zuwa 1993 a kan wata mashaya a Boston, aka sa masa suna 'Cheers'. Amma a Ingila ta wuce nan. Mutum zai ce wa direban bas 'cheers' ya na nufin na gode, ko ya rufe wasiƙa da ita a matsayin sai an jima, ba ruwansa da giya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Malam ya ce ko 'cheer up' ɗin da na yi niyya ba daidai ba ce. Ana faɗa wa wanda ƙungiyarsa ta sha kashi ne, ko yaron da ya ɓata rai. Faɗa wa matar da mijinta ya rasu kamar ka ce mata, "Haba, saki ranki mana, abin bai kai nan ba." 'Haƙuri' ɗinmu ya na ɗauke da lallashi da tawakkali a lokaci guda, kuma 'comfort' ko 'console' su ne su ka fi kusa da abin da uwar ke yi.

Jama'a, 'yar wasan nan ta zubar da hawaye na gaske a gaban kyamara, ni kuma da harafi ɗaya na mayar da kukanta abin dariya ga duk wanda ba ya jin Hausa. Furodusoshinmu su kan kashe kuɗi a kan kaya da waƙa, fassara kuwa sai a miƙa wa duk wanda aka ga ya na ɗan yarfa Turanci, irina.

Tun daga ranar, kafin in fassara layi sai na kalli fuskar mai maganar, na tambayi kaina wa ya ke yi wa magana, a wane hali. Na kuma nemi furodusan na ba shi haƙuri. Shi ma bai lura ba sai da na faɗa masa.