Sabon fim da tsohuwar amana

A Edinbura ta ƙasar Sikotlan an yi wani ɗan kare mai suna Bobi. Maigidansa John Gray ya rasu a 1858, ana kuma cewa karen ya zauna gadin kabarinsa shekara 14, har mutuwarsa a 1872. Kamfanin Disney ya mayar da labarin fim a 1961. Da aka sake yin fim ɗin labarin a 2005, sai aka sa farin kare tas, alhali ana cewa Bobi na asali mai dogon gashi ne, daga jinsin tsibirin Skye. Masoyan labarin sun ji zafin haka.

Mu nan Maiduguri ba kowa ke sakewa da kare ba, amma mun san karen Ashabul Kahfi, mun kuma san nauyin amana. Na fahimci ɓacin ran masoyan labarin Bobi. Wanda ya ƙaunaci labari, da kamanninsa yake ƙaunarsa.

Haka na ji da Ali Nuhu, haifaffen garin nan, ya sake yin fim ɗinsa Mujadala da sababbin fuskoki. Hoto ya fi tsabta, sauti ya fi fita, sai dai zuciyata ta riƙa neman zamanin kaset, lokacin da ake cika ɗaki, yara a kan tabarma, ana fargabar ɗauke wuta. Wannan ba laifin darakta ba ne.

Masu shirya fim, ku sabunta kayan aiki yadda kuke so, amma abin da masu kallo suka riƙe a matsayin gaskiyar labari ku bar musu shi.