Kwandon Albasa da Kwanuka Uku

Ina koyarwa a wata firamare a Yelwa ta Yauri, wata safiya da hunturu, wata mata ta shigo ajina riƙe da hannun ɗanta. Ya kai shekara goma, amma bai iya ɗaure zariyar wandonsa ba, maganarsa kuwa ba ta wuce kalma biyu ko uku. Bagunge ne, jikan mutanen da ruwa ya tasa daga gungunansu da aka gama madatsar Kainji a 1968. Uwar ta ce, "Malama, ni ba karatu nake roƙo ba. So nake ranar da babu ni, ya iya yi wa kansa wani abu."

Na yi wata biyu ina rubuta baƙaƙe a allo, shi kuwa idonsa na kan taga. Wata rana a hanyar bakin ruwa na tsaya wurin masu albasa, ina kallon yadda suke ware manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban, hannu na aiki baki na hira. Washegari na zo aji da kwandon albasa da kwanuka uku.

Na ajiye kwandon a hagunsa, kwanukan a gabansa, faifai a damansa don abin da ya gama. Kullum wuri ɗaya, tsari ɗaya, don idonsa ya riƙa gaya masa inda zai fara da inda zai tsaya. Da farko ina kama hannunsa mu ɗauka tare. Daga baya na koma taɓa gwiwar hannunsa kawai, sannan nuni da yatsa, sannan na ja baya na tsaya bakin ƙofa. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne riƙe nawa hannun. In ya ɗauki babbar albasa ya nufi kwanon ƙanana, sai in ji jikina na tsuma in gyara masa. Sai na dunƙule hannu cikin mayafi. Yakan tsaya, ya dubi kwanon, ya dubi albasar, ya mayar da ita inda ta dace.

Da ya ƙware, na ƙara masa ƙirga marafan kwalba goma goma cikin gwangwanaye, da sa maɓalli, da ƙulla igiya irin ƙullin da Sarkawa ke yi wa taru. Daga wannan ƙullin ne ya kai ga zariyarsa.

Wata rana shugaban makaranta ya kira ni, na daɗe. Da na dawo, na tarar ya gama ware albasar, ya kife kwandon, ya share ɓawon, yana zaune yana jirana. Ba wanda ya ce masa uffan.

A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta haramta nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman a Najeriya. Da na ji labarin a rediyo, uwar nan ce ta faɗo mini a rai, da ranar da ta tare ni a kasuwa ta kama hannuna. Ta ce, "Malama, kawunsa ya ɗauke shi yana ware masa albasa. Jiya da kuɗinsa ya saya wa ƙanwarsa ƙosai."