Albasa Ba Ta Jiran Mai Ita Ya Warke

A makarantar nan kusan kowa ɗan kasuwa ne. Wani na sayar da data, wani ya kafa teburin POS a bakin ƙofa, wata na kawo turare da hijabai daga Kano, wata kuma cincin da zoɓo take yi tana zagaya ɗakunan kwana da su. Abin a yaba ne, don da kuɗin nan ake sayen takardun karatu, da su ake cika kuɗin rajista. Amma ku lura da abin da ke faruwa da zarar an kafe jadawalin jarrabawa: teburi ya ɓace, waya a kashe, mai zoɓo ta ce sai bayan an gama. Idan aka tafi SIWES na wata huɗu kuwa, sana'o'i da yawa ba sa dawowa. A darasin EED ana koya mana yadda ake fara sana'a. Tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba ita ce: ranar da mai sana'a ya kwanta, sana'ar za ta tsaya da ƙafarta ko za ta kwanta tare da shi?

Ni ba a aji na fara cin karo da wannan tambaya ba. Ɗan Wurno ne ni, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, kuma a can kabarinsa yake tun 1837. Wanda ya san yankinmu ya san arzikinmu a fadama yake. Daga madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a kan gulbin Rima a 1984, har zuwa Lugu da Wurno, noman rani ne ke riƙe da gidaje: shinkafa, alkama, tafarnuwa, sai kuma uwa-uba albasa.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, da albasa ya gina gidansa. Lokacin dashe yakan ba manoma iri da taki da kuɗin man injin ban-ruwa bashi. Idan aka cire albasa wajen Maris da Afrilu, sa'ad da ta cika kasuwa farashi ya faɗi, sai ya karɓi bashinsa da kaya, ya ƙara da saye, ya zuba a rudu. Daga nan sai haƙuri da juya kaya ana tsince ruɓaɓɓu, har farashi ya ɗaga wajen ƙarshen shekara. Wasu ya sayar a Achida, wasu ya yi lodin tirela zuwa Mile 12 a Legas ko Anaca. Mutum bakwai ke aiki a ƙarƙashinsa, ban da 'yan dako da masu tsinta. Gida uku na dangi daga hannunsa suke ci, har da namu.

Duk wannan harka a wuri biyu take ajiye: cikin kan Kawu da cikin wayarsa. Ya san manomin da ya karɓi buhu biyu na taki a wani ƙauyen Goronyo, ya san wanda ya biya rabi, ya san matar Anaca da ke biya bayan kwana goma da wadda sai an yi ta kira. Mutane na mamakin ƙwaƙwalwarsa, shi ma yana jin daɗin mamakin. Da na gama sakandare na taɓa kawo masa shawarar a sayi littafi a riƙa rubutawa. Dariya ya yi.

"Kai ɗana, wanga littahi naka mi za ya ƙara mini? Shekara talatin ina wagga sana'a, ko buhu guda bai taɓa ɓace mini ga kai ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ɓacewa ba. Sai dai kan da ke riƙe da lissafin na ɗan Adam ne.

Wata damina hawan jini ya kayar da shi. Aka kawo shi asibiti a Sakkwato, ya yi mako shida magana ba ta fita sosai. Mu muna fama da jinya, can gida kuma rudu cike da kaya ga laima. Albasa ba shinkafa ba ce da za ka rufe a sito ka dawo baɗi. Kullum sai an duba ta, kuma akwai lokacin da dole a yanke shawarar a sayar ko da riba kaɗan, kafin ruɓa ta ci rabi. Yaran sun ga alamar, amma babu wanda ya isa ya ce a sayar, domin a shekara talatin ba a taɓa sayar da buhu ba sai da bakin Alhaji. Da yayana, babban ɗan Kawu, ya yi ƙarfin hali ya kira direban da suka saba da shi, amsar da ya samu ita ce:

"In ba muryar Alhaji nij ji ba, wallahi mota ba ta tashi."

Masu sayen kudu ma haka. Sun san Alhaji, ba su san ɗansa ba, kuma ba za su tura miliyoyi ga muryar da ba su taɓa ji ba. Kuɗin da ke banki kuwa da sunan Kawu suke, lambar sirri a kansa take. Muna da dukiya amma sai da aka ci bashin kuɗin magani. Manoman da ake bi bashi, masu tsoron Allah sun zo da kansu sun faɗi abin da ke kansu. Wasu sun yi shiru, kuma babu takardar da za a nuna musu. A cikin yaran nan bakwai ba wanda ya saci ko albasa guda. An yi asarar ne kawai saboda ba wanda aka ba sani da izini.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne misalin gyara yana cikin danginmu tun da daɗewa, a Rabah, garin da aka haifi Sardauna. Goggona tana can tana man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba ta yi boko ba, jarinta bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na Kawu ba. Amma shekarar da ta tafi Hajji ta yi fiye da wata guda, ko rana ɗaya ba a fasa suya a gidanta ba. Na tambaye ta sirrin, ta ce:

"Ni ba ni da alƙalami, amma ina da kwano. Kwano ba ya ƙarya."

Komai nata a aune yake. Ta san kwano nawa na gyaɗa ke ba da kwalba nawa ta mai, kuma ba ita kaɗai ta sani ba, duk matan da ke aiki da ita sun sani. Mai suya daban, mai kai niƙa daban, mai matsa daban. Surukarta ke karɓar kuɗi, amma jikarta 'yar islamiyya ke rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo. Idan kwalabe suka gaza abin da kwano ya ce, kowa zai gani tun kafin magariba, ba sai Goggo na nan ba. Ta mayar da gwanintarta ma'auni, ma'auni kuwa ana iya miƙa shi ga wani.

Da Kawu ya samu sauƙi, ɓarin jikinsa na dama bai koma daidai ba, tafiya mai nisa ta zama wahala. Ga kuma halin da yankinmu ya shiga. Kowa na tuna harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo ranar Lahadi, 17 ga Oktoba 2021, inda aka kashe mutane fiye da arba'in. Tun daga lokacin, duk ɗan kasuwar da aka san yana yawo da kuɗi a jiki, kuma aka san komai a hannunsa yake, ya san idon masu garkuwa na kansa. A wajenmu, sana'ar da ba ta dogara da mutum ɗaya ba maganar tsira da rai ce, ba ta neman hutu ba. Dole ta sa Kawu ya sauya tsari, kuma na ga yadda aka yi shi mataki-mataki.

Da littafi aka fara. Kowane bashi da sunan mai shi, ƙauyensa, abin da ya karɓa, rana, da shaida biyu. Wasu manoma sun ji haushi, suka ce Alhaji ya daina yarda da su. Limamin unguwarmu ne ya kashe maganar da ya tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Duk Juma'a ana ɗaukar hoton shafukan a tura wa mutum biyu ta WhatsApp, saboda gobara ko ruwa.

Sai rabon aiki tare da iko, domin ba wa mutum aiki ba tare da iko ba wahalar da shi ne kawai. Ɗaya ke kula da saye a ɓangaren Goronyo, ɗaya ke kula da rudu, yayana ke kula da lodi da masu saye. Kowa an yanka masa iyakar abin da zai iya yankewa ba tare da ya kira Alhaji ba. Mai rudu, misali, idan ya ga ruɓa ta fara yawa, yana da izinin fitar da kaya kasuwa a ranar. Kuma an ɗauki darasin Goggo: mai riƙe kuɗi ba shi ke riƙe littafi ba.

Na uku shi ya fi yi wa Kawu ciwo, wato raba aljihunsa da jakar kasuwa. A da, kuɗin cefane da na suna da na biki da na jari duk aljihu ɗaya ne. Aka yi wa sana'ar rajista a hukumar CAC, aka buɗe mata asusu da mutum biyu ke sa hannu, Kawu ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka duk wata. Ya daɗe yana mita cewa an mai da shi ɗan albashi a cikin dukiyarsa. Amma a shekarar ne karon farko ya san ribarsa ta gaskiya, har lissafin zakka ya zo masa da sauƙi.

Na huɗu, aka daina biyan manyan yara da abin da zuciyar maigida ta ba shi. Kowa da kasonsa sananne a cikin riba. Wannan ma ba baƙon abu ba ne, littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu suna da babin ƙiradi: wani ya kawo jari, wani ya kawo ƙarfi, a raba riba a kan kason da aka yi yarjejeniya tun farko. Wanda ke da kaso a rudu ba sai an tashe shi duba kaya ba.

Na ƙarshe, Kawu ya daure ya yi tafiya ɗaya zuwa Legas da yayana, ya kama hannunsa ya gabatar da shi ga duk wanda suke hulɗa da shi. Amana dukiya ce, amma idan ba a miƙa ta ido da ido ba, tare da mai ita ake binne ta.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo kyauta. Yaron da aka ba ɓangaren Goronyo, da ya san manoma ya san hanya, bayan shekara biyu ya ce zai tsaya da kansa, kuma ya tafi da wasu abokan ciniki. Wannan shi ne tsoron da ke hana iyayenmu sakin sirrin sana'a, kuma tsoro ne mai dalili. Kawu ya yi kwana biyu ba ya walwala, daga baya ya sa masa albarka. Yau tirela ɗaya suke haɗawa su raba kuɗin mota. Akwai kuma wani ciwon da ba a faɗa: mutumin da wayarsa ba ta hutawa, yanzu sai ta wuni ba ta yi ƙara ba. Sai da ya koyi cewa shirun nan alamar lafiya ce.

Idan muka duba manyan gidajen kasuwanci na Arewa, waɗanda suka daɗe su ne waɗanda suka wuce kan mutum ɗaya. Alhassan Ɗantata ya yi cinikin goro da gyaɗa ta hannun wakilai a garuruwa da dama, ya rasu a Kano a 1955, amma kamfaninsa ya ci gaba a hannun 'ya'yansa, kuma Aliko Ɗangote daga wannan zuriya ya fito ta wajen uwa. A gefe guda, kowannenmu ya san wani attajiri a garinsu da aka yi sadakar arba'in ɗinsa, aka raba gado, shago ya koma na wani. Rabon gado haƙƙi ne na shari'a, ba a taɓa shi. Amma idan sana'a tana da rajista da littafi da masu gudanarwa, magada na iya gādon kaso a cikinta maimakon su yanka ta gunduwa-gunduwa. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfaninsa rajista shi kaɗai.

Don haka 'yan uwa ɗalibai, ba sai jarinka ya kai na tirela ba. Mai zoɓo, auna sukari da citta da ruwa ki rubuta, ki koya wa ƙawarki, ku yanka kasonta. Mai POS, ware kuɗin na'ura daga kuɗin abincinka, ka rubuta kowace shiga da fita, ka sa wani ya zauna maka yini ɗaya a mako tun kana kusa, don ka ga inda abin ke yoyo. Mai sayar da data, ka sa abokan cinikinka su san lamba ta biyu. Sannan ka yi wa kanka gwaji: kashe waya kwana bakwai a lokacin jarrabawa. Abin da ka dawo ka tarar yana tafiya, shi ne sana'arka. Abin da ya tsaya, shi ne aikin da ke gabanka kafin shekarar IT ta zo ta ɗauke ka wata goma sha biyu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a Wurno da Rabah da Goronyo da sauran gabashin Sakkwato, ya sa albarka a ɗan abin da muke juyawa.